Yaya ciwon da ya taso daga mafitsara yake gigita ƙwaƙwalwa alhali ƙwayar cutar ba ta shiga cikinta ba?

'Yar Farin Baba ta rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman ƙarin haske daga likitoci da masana da ke wannan zaure game da abin da ya sami mahaifina wata biyu da suka wuce, domin har yau ban sami bayanin da ya zauna mini a rai ba.

Shekararsa 74, kuma kafin wannan jinya mutum ne mai kaifin basira, wanda lambobin wayar 'ya'yansa duka suna kansa, bai taɓa rubuta ko ɗaya ba. Ya jima yana fama da wahalar fitsari har aka sa masa roba, kwana biyar bayan haka zazzaɓi ya rufe shi da rawar sanyi, haƙoransa suna haɗuwa. A dare na biyu ya fara sambatu, da gari ya waye kuwa ya kalle ni ido da ido ya kira ni da sunan ƙanwarsa wadda ta rasu tun ina ƙarama. A gadon asibiti yatsunsa ba su huta ba, yana ta tsintar wani abu daga kan zanen gado wanda mu ba ma gani, sau biyu ya fizge allurar ƙarin ruwa daga hannunsa, wani lokaci kuma sai ya yi tsit na sa'o'i, idonsa a buɗe amma ba kowa yake kallo ba.

Da farko likitoci sun zargi sanƙarau, suka ɗebi ruwan bayansa, suka ɗauki hoton kansa, dukansu ba su nuna wani abin tsoro ba. Gwajin jini ne ya nuna bakteriya, wadda suka ce daga mafitsara ta malalo. Suka kira ciwon sefsis, kuma likitan da ke duba shi ya gaya mini cewa ƙwayar cutar ba ta shiga ƙwaƙwalwarsa ba, garkuwar jikinsa ce ta gigita ta. Na ji maganar amma ban fahimce ta ba, shi kuma marasa lafiya suna jiransa. Ta yaya abin da aka halitta don ya kare mutum zai juya masa tunani? Idan kuma ƙwayar ba ta shiga ba, ta wace ƙofa ɓarnar ta shiga? Alhamdu lillahi an sallame shi, ya gane mu duka, sai dai yakan manta maganar da aka yi da safe, kuma idan ya ɗauki littafi ba ya wuce shafi ɗaya.

Malamin Ilimin Garkuwar Jiki ya amsa:

Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara wa Baba sauƙi, ya saka miki da alheri a kan ɗawainiyarsa. Likitan ya faɗa miki gaskiya, ya dai taƙaita ta ne, don haka bari in warware ta.

Ƙwaƙwalwa tana da shingen da sauran sassan jiki ba su da irinsa. Tun a 1885 masanin nan na Jamus, Paul Ehrlich, ya lura cewa idan aka yi wa dabba allurar rini a jini, gaɓoɓinta na ciki suna rinuwa amma ƙwaƙwalwa ta tsaya fara. A 1913 ɗalibinsa Edwin Goldmann ya juya gwajin, ya zuba rinin a cikin ruwan da ƙwaƙwalwa take ciki, sai ita ta rinu, sauran jiki bai rinu ba. Dalili shi ne ƙwayoyin da suka shimfiɗe cikin ƙananan jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa a ɗinke suke da juna tsam, ta waje kuma wasu ƙwayoyi masu siffar tauraro, da ake kira astirosayit, sun kafa ƙafafunsu a jikin jijiyar suna ƙara mata ƙarfi. Wannan shinge shi ya hana bakteriyar da ke yawo a jinin Baba shiga, shi ya sa ruwan bayansa ya fito da tsabta. Amma shingen da ya hana abokin gaba shiga bai hana labarin yaƙi shiga ba, kuma labarin ne ya yi ɓarnar.

Ga yadda labarin yake tashi. Bakteriyar da ta fi haddasa ciwon mafitsara, wato E. coli, tana ɗauke da wani sinadari a fatarta ta waje da ake kira LPS. Fararen ƙwayoyin jini suna da wata na'urar ganewa a jikinsu mai suna TLR4, wadda da zarar ta taɓa wannan sinadari sai ƙwayar ta san baƙo ya shigo. Bruce Beutler ne ya gano haka a 1998, kuma aikin yana cikin abin da aka ba shi lambar yabo ta Nobel a kansa a 2011. Da ƙwayar ta gane baƙo sai ta saki sinadaran yekuwa da ake kira saitokin, manyansu su ne TNF da IL-1 da IL-6, waɗanda suke kiran 'yan'uwanta su taho. Idan ciwon ya tsaya a wuri ɗaya, yekuwar ma a wurin take tsayawa, shi ne kumburi da zafi da muke gani a gefen rauni. Idan kuwa bakteriya ta shiga jini, ko'ina sai ya zama fagen fama, yekuwar ta cika jiki, martanin ya wuce gona da iri har ya fara cutar da gaɓoɓin mai shi. Wannan shi ne sefsis, kuma tun 2016 ma'anar da likitoci suka amince da ita ke nan: gazawar gaɓoɓi mai barazana ga rai, wadda ruɗewar martanin jiki ga cuta ta haifar.

Yekuwar tana isa ƙwaƙwalwa ta ƙofofi da dama. Akwai jijiyar bagus, doguwar jijiyar da ta taso daga tushen ƙwaƙwalwa ta ratsa ƙirji da ciki, wadda take jin saitokin a can ƙasa ta kai rahoto sama kai tsaye. Akwai kuma 'yan wurare a ƙwaƙwalwa da shingen bai rufe ba da gangan, domin ta riƙa ɗanɗana abin da ke cikin jini. Amma ƙofar da ta fi faɗi ita ce bangon jijiyar jinin kansa, domin idan saitokin suka taɓa shi ta ɓangaren jini, sai shi kuma ya saki nasa sinadaran ta ɓangaren ƙwaƙwalwa. Ɗaya daga cikinsu, furostagilandin, shi yake zuwa ga cibiyar daidaita ɗumin jiki ya ɗaga ma'auni, sai mutum ya ji sanyi ya kama rawar ɗari har jikinsa ya kai sabon ma'aunin. Haƙoran Baba da kika ji suna haɗuwa umarni ne daga ƙwaƙwalwa. Haka kasala da rashin son abinci da son kwanciya da kowa yake ji in yana zazzaɓi, duk ƙwaƙwalwa ce take shirya su bayan ta sami labari, don jiki ya tattara ƙarfinsa wuri ɗaya. Har zuwa nan, tsarin yana aiki yadda ya kamata.

Matsala tana farawa ne idan yekuwar ta yi ƙarfi ta kuma daɗe. Bangon jijiyar sai ya fitar da wasu ƙugiyoyi, fararen ƙwayoyin jini da ke wucewa, musamman niyutirofil da monosayit, su riƙa birgima a kansa har su manne. A manne ɗin suna sakin sinadaran da ke narkar da ɗinkin shingen, sai ya fara yoyo, ruwa da furotin ɗin jini su tsiyaya ciki, wasu monosayit ɗin ma su kutsa su haye. A can ciki kuwa akwai masu gadin da ƙwaƙwalwa ta mallaka wa kanta, wato maikurogiliya, waɗanda masanin Sifaniya Pío del Río Hortega ya fara bayyana su a 1919. Waɗannan ƙwayoyi ba daga jini suke zuwa ba, tun mutum yana ɗan tayi suke shiga ƙwaƙwalwa su zauna, su riƙa sabunta kansu a can har ƙarshen rayuwa. An daɗe ana ɗauka barci suke yi sai cuta ta zo, amma a 2005 aka ɗauki hotonsu a ƙwaƙwalwar ɓera mai rai, aka ga hannayensu sirara ba sa tsayawa ko kaɗan, kullum suna miƙewa suna janyewa, suna laluben maƙwabtansu. Idan suka ji yekuwa mai tsanani sai su janye hannayen, su dunƙule su kumbura, su ma su shiga sakin TNF da IL-1 da sinadarai masu ƙuna. Waɗannan makamai an tanade su ne don kashe ƙwayar cuta, ga shi kuma babu ƙwayar cuta a wurin, sai ƙwayoyin tunani da mahaɗarsu.

Sakamakon shi ne abin da kika gani da idonki. Astirosayit, waɗanda aikinsu ne su share rarar sinadarin gulutamet daga mahaɗar jijiyoyi, sai su gaza, gulutamet ya taru ya riƙa zaburar da jijiyoyi fiye da kima. Sinadarin asetilkolin, wanda mai da hankali ya dogara da shi, aikinsa sai ya raunana. Saƙonni suna tafiya amma ba sa isa a jere, shi ya sa fuskarki ta isa gare shi, sunan da ya zo tare da ita kuma ya fito daga wani zamani.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a wannan fage shi ne binciken da masana a Japan suka wallafa a 2019. Sun bi maikurogiliya a ɓeraye kwana bayan kwana, suka ga a farkon kumburin ƙwayoyin suna rugawa jikin jijiyar jini su taimaka wajen toshe yoyon, amma da kumburin ya ɗore sai su waɗannan ƙwayoyin suka juya suna cinye ƙafafun astirosayit, shingen ya ƙara buɗewa. Ƙwaya ɗaya ce, da farko mai gyara, daga baya mai rushewa, abin da ya raba halayen biyu kuwa tsawon lokaci ne. Saboda haka ni ba na son a ce garkuwar jiki ta yi tawaye. Aikinta take yi, sai dai umarnin tsayawa ne bai zo da wuri ba.

Ma'aikaciyar Jinya ta amsa:

'Yar'uwa, sannu da ƙoƙari. Malam ya yi bayanin abin da ke faruwa a ciki, ni kuma zan faɗi yadda yake bayyana a bakin gado, domin shekaruna a aikin jinya mafi yawansu a sashen kulawa ta musamman na yi su.

Wannan yanayi muna kiransa ɗimuwa, kuma alamarsa ta farko ita ce yana zuwa farat ɗaya yana kuma hawa da sauka. Mara lafiya zai gaishe ki da hantsi cikin hankalinsa, da almuru kuma ya rantse cewa akwai mutane a ƙarƙashin gadonsa. Wanda yake fizge roba yana ihu kowa yana lura da shi. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne mai shiru, irin sa'o'in nan da Baba ya yi idonsa a buɗe, domin dangi sukan ce ya samu barci ne ko gajiya ce, mu ma idan aiki ya yi yawa mukan wuce shi da cewa ba ya damun kowa, alhali ƙwaƙwalwarsa tana cikin halin da mai ihun yake ciki, sau da yawa ma ƙarshensa ya fi muni. Don haka ba ma dogara da kallo kawai. Nakan riƙe hannun mara lafiya in ce masa zan karanto haruffa goma, duk lokacin da ya ji harafin A ya matse hannuna. Mai ɗimuwa zai matse a na farko da na biyu, daga nan sai ki ji hannun ya saki, hankalin ya tafi wani wuri. Sai in tambaye shi ko dutse yana iya yawo a kan ruwa, ko akwai kifi a teku. Na taɓa yi wa wani dattijo malamin lissafi wannan tambaya ta dutse, ya daɗe yana kallona, sannan ya ce eh, yana iyawa. Bayan kwana huɗu da ya dawo hayyacinsa bai tuna mun yi maganar ba.

Abin da nake so kowa ya riƙe shi ne, a wurin tsofaffi ruɗewa takan riga kowace alama bayyana, wani lokaci ma babu zazzaɓi ko kaɗan. Daga cikin alamu uku da aka fitar a 2016 don a hanzarta zargin sefsis a bakin gado, ɗaya ita ce canjin hankali, sauran biyun su ne numfashi 22 ko fiye a minti ɗaya, da lambar sama ta awon jini ta sauko zuwa 100 ko ƙasa. Wato ƙwaƙwalwar da ta ruɗe gaɓa ce da ta fara gazawa, daidai da ƙodar da ta daina fitar da fitsari, ba taɓin hankali ba ne, ba kuma rigimar tsufa ba ce. Idan jini ya riga ya faɗi, ƙa'idar da ake bi ita ce a fara maganin kashe bakteriya cikin sa'a guda, a yi ƙarin ruwa, a kuma kawar da tushen cutar, kamar a cire robar da ta gurɓata ko a fasa ƙurjin da ya tara mugunya.

A ɓangarenmu kuwa, ƙananan abubuwa ne suke aiki. Mukan buɗe labule da rana mu rage fitila da hayaniya da dare, mu mayar wa mara lafiya tabaraunsa da na'urar jinsa, mu riƙa gaya masa ranar da ake ciki da inda yake, mu tashe shi zaune da zarar ya iya. Muryar da ya sani tana kwantar da shi fiye da ɗaure masa hannu, wanda sau da yawa ƙara firgita shi yake yi. Zamanki kusa da shi, ko da yana kiranki da sunan wata, yana cikin jinyar.

Likitan Ciki ya amsa:

Ina tare da Malam a mafi yawan abin da ya faɗa, sai dai ina so in ja birki kaɗan, kada mai karatu ya ɗauka maikurogiliya ce kaɗai mai laifi. Ƙwaƙwalwa nauyinta bai wuce kashi 2 cikin 100 na jiki ba, amma tana cin kusan kashi 20 cikin 100 na iskar oksijin da jiki ke amfani da ita, kuma ba ta da rumbun ajiya. A sefsis jini yana faɗuwa, dabarar da ƙwaƙwalwa take daidaita kwararar jininta da ita tana raunana, ƙananan gudajin jini suna toshe siraran jijiyoyi, huhu ba ya ba da isasshiyar iska, ƙoda da hanta suna barin guba ta taru, sukari da gishirin jini suna hawa da sauka. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya isa ya ruɗar da mutum shi kaɗai, a mara lafiya ɗaya kuma sukan haɗu uku ko huɗu. Sannan ga magungunan da mu likitoci muke bayarwa, musamman masu sa barci na dangin diyazefam, waɗanda an tabbatar suna ƙara ɗimuwa.

Na biyu, cikakken labarin monosayit da ƙafafun astirosayit daga ɓeraye aka samo shi, domin a nan ne ake iya leƙa ƙwaƙwalwa mai rai. A mutane hujjojin sun fi ƙaranci, amma suna nan. An duba ƙwaƙwalwar waɗanda sefsis ya yi ajalinsu an ga maikurogiliya a tashe, kuma a 2015 masana a Jami'ar Yale ta Amurka sun yi wa 'yan tsirarun masu sa kai lafiyayyu allurar ɗan ƙaramin LPS, hoton ƙwaƙwalwarsu ya nuna alamar tashin waɗannan ƙwayoyi cikin 'yan sa'o'i. Wannan gwaji ya gamsar da ni cewa yekuwa kaɗai, ba tare da ƙwayar cuta mai rai ba, tana iya tayar da masu gadin cikin kai.

Mai karatu zai iya cewa, to me ya hana a toshe yekuwar? An gwada. A shekarun 1990 an yi manyan gwaje-gwaje da magungunan da ke ɗaure TNF, waɗanda suka ceci dabbobi a ɗakin bincike, amma a mutane ba su kawo rangwamen da aka sa rai ba, a gwaji ɗaya da aka wallafa a 1996 ma waɗanda suka sami magani mai yawa sun fi mutuwa. Maganin Xigris, wanda aka amince da shi a 2001 musamman don sefsis, an janye shi daga kasuwa a 2011. Dalili ɗaya shi ne abin da Malam ya ambata game da lokaci: mara lafiya yana isowa ne bayan gobarar ta riga ta kama, kuma bayan kwanakin farko garkuwar takan faɗa wani hali na gajiya, fararen ƙwayoyi da yawa su mutu, ta yadda ƙara danne ta zai buɗe ƙofa ga wata cutar. Ita kanta ɗimuwar, wani babban gwaji da aka wallafa a 2018 ya nuna maganin haloferidol, wanda ake bayarwa don kwantar da mai ɗimuwa, bai rage tsawon kwanakinta ba. Har yau hanyar kare ƙwaƙwalwa a sefsis ita ce a kashe gobarar daga tushe da wuri.

'Yar Farin Baba ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Yanzu na fahimci maganar likitan. Sai dai, Likita, akwai wani matashi a gadon da ke kusa da na Baba, shi ma an ce sefsis ne, jininsa ma ya fi na Baba faɗuwa, amma bai taɓa ɓata sunan kowa ba. Me ya sa tsoho ya fi ruɗewa? Kuma wannan mantuwar da ta rage, tafiya za ta yi ko ta zauna ke nan? Ina roƙo a gaya mini gaskiya, zan iya ɗauka.

Likitan Ciki ya sake amsawa:

Tambayarki ta farko tana da amsar da masana suka yi aiki a kanta sosai. Idan mutum ya manyanta, ko kuma wata cuta ta riga ta fara taɓa ƙwaƙwalwarsa ko da bai nuna alama ba, maikurogiliyarsa sukan zauna cikin shirin ko-ta-kwana. Ba su tashi ba, amma ba su kwanta ba. Yekuwar da za ta sa na matashi su ɗan motsa su koma, su za ta sa su zabura da ƙarfin da ya ninka, su kuma daɗe ba su lafa ba. Ƙari a kan haka shingen tsoho ya riga ya ɗan saki, jijiyoyin da ke samar da asetilkolin sun ragu, rarar da ƙwaƙwalwa take cike giɓi da ita ta yi ƙasa. Masana a Southampton ta Ingila sun bi masu cutar mantuwa ta Alzheimer, suka wallafa a 2009 cewa waɗanda wata cuta ta kama a jiki, irin ta ƙirji ko ta mafitsara, tunaninsu ya fi saurin dusashewa a watannin da suka biyo baya.

Tambaya ta biyu kuma, tunda kin nemi gaskiya, ga ta. A 2010 an wallafa wani bincike a kan tsofaffin Amurka da aka riga aka san ƙarfin tunaninsu kafin su kwanta. Kafin sefsis mai tsanani kimanin kashi 6 cikin 100 ne suke da matsakaiciyar ko babbar matsalar tunani, bayansa kuwa adadin ya kai kusan kashi 17. Wani binciken na 2013, a kan mutum 821 da suka kwanta a sashen kulawa ta musamman, ya nuna kashi 74 cikin 100 sun yi ɗimuwa, bayan shekara guda kuma kusan ɗaya cikin huɗu na waɗanda aka gwada sun sami maki irin na mai ƙaramar cutar Alzheimer, kuma gwargwadon tsawon kwanakin ɗimuwar gwargwadon raunin da ya rage. Sashen da ake kira hifokamfus, wanda yake ajiye sabon abu, yana cikin sassan da kumburi ya fi yi wa illa, shi ya sa Baba yake tuna abin da ya shekara arba'in amma maganar safe take kuɓuce masa.

Amma ki dubi alƙaluman ta ɗaya fuskar. Mafi yawan waɗannan tsofaffi ba su faɗa cikin babbar matsala ba, kuma wata biyu lokaci ne kaɗan ƙwarai, domin mutane da yawa suna ci gaba da farfaɗowa har tsawon shekara. Mutumin da ya shiga jinya da kaifin basira irin na Baba ya shiga ne da jari. Abin da ke hannunku shi ne ku hana gobara ta biyu, kuma ku kawar da duk abin da ke ƙara wa ƙwaƙwalwar nauyi. Ku tambayi likitansa ko har yanzu yana buƙatar robar fitsari, domin kowace rana da ta ƙara a jikinsa tana ƙara haɗarin wata cutar. Ku tattara magungunansa duka ku kai a duba, musamman saboda wasu magungunan mafitsara irin su oksibutinin, da wasu na mura da ƙaiƙayi masu sa gyangyaɗi, suna toshe aikin asetilkolin ɗin nan da muka yi magana a kansa, kuma tsoho mai matsalar fitsari yakan kasance a kansu ba tare da an lura ba. A duba idonsa da kunnensa, ya riƙa tattaki kullum gwargwadon ƙarfinsa, barcinsa ya koma dare, a kuma tambayi likita game da allurar rigakafin ciwon huhu. Ki lura da yanayin ransa ma, domin baƙin ciki da firgici suna yawan biyo bayan irin wannan jinya, kuma su kansu suna sa mantuwa. Littafin kada ku ɗauke masa, shafi ɗaya a rana ma aiki ne. Idan kuwa wata rana kuka ga ya ruɗe farat ɗaya, ko barci ya yi masa yawa ba dalili, ku kai shi asibiti a ranar, ko da jikinsa ba zafi.

'Yar Farin Baba ta rubuta:

Likita, na duba jakar magungunansa bayan na karanta amsarka, kuma lallai akwai oksibutinin a ciki, tun kafin ya kwanta yake shan sa. Ban taɓa komai ba, na dai rubuta sunayensu duka a takarda, ranar Litinin za mu kai wa likitansa tare da maganar robar. Jiya da daddare Baba ya tambaye ni kwana nawa ya yi a asibiti, na ce masa goma sha ɗaya, ya yi shiru, sannan ya ce shi uku kawai yake iya tunawa. Sai na roƙe shi ya karanto mini lambobin wayarmu. Ta ƙanena ya kawo ta duka ba kuskure, tawa kuma ya tsaya a lamba ta bakwai, ya ce in bari kada in taya shi, zai nemo sauran da kansa.